Matar da Na Rubuta a Allo

Cikin duk shekarun da na yi ina koyarwa, akwai abu ɗaya da har in koma ga Mahaliccina ba zai fita a raina ba. Ya faru ne a shekarata ta farko ta aiki, a wata kwalejin ƙauye da ke ƙasar Dogon Kiriya, inda aka tura ni koyar da Ingilishi.

Ni 'yar cikin garin Dogon Dutsi ce, kuma tun ina ƙarama an san ni da zargi. Innata takan ce ko gaishe ni aka yi sai na nemi dalili. Kafin in tafi kuma ƙawayena sun cika mini kunne cewa mutanen ƙauye ba sa son malama mace, balle baƙuwa. Don haka na sauka daga mota da akwatina da katifata, ina kallon kowa da ido ɗaya.

Makarantar ba ta da littattafan Ingilishi. Abin da nake da shi wasu tsofaffin takardu ne da na kwafo tun ina makarantar horar da malamai. Yadda muke aiki shi ne in rubuta labari a allo, yara su kwafe a littattafansu, mu karanta tare, sannan in ja layi ƙarƙashin sababbin kalmomi goma mu yi ta juya su har su zauna. An kuma koya mana cewa yaro ya fi kama kalma idan labarin ya yi kama da rayuwarsa. Na riƙe wannan da hannu biyu. Duk labarin da na ɗauko sai na sauya masa riga. Jirgin ƙasa ya koma amalanke, kanti ya koma rumfar kasuwa, kuma ina jin daɗin kaina ƙwarai da wannan dabara.

Wata Talata na ɗauko wa 'yan ajin ƙarshe, masu shirin birebe, jarrabawar kammala kwaleji, labari a kan ciwon damuwa, wanda Turawa ke kira depression. A takardar, wata mata ce mai aiki a shago a wani birni mai sanyi. Na zauna na gyara ta. Na mai da ita mai yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, don sana'ar goggona ke nan. Na ce jaririnta ya rasu da damina, tun daga nan ta daina zuwa kasuwa, ta daina kitso, ba ta ci, ba ta barci, tana zaune a ɗaki ba ta son ganin kowa. Layin farko kuwa na rubuta shi da manyan baƙaƙe: akwai wata mata a garinmu.

Muka fara karatu da murya ɗaya kamar kullum. Layi na farko ajin ya ɗauka da ƙarfi. A na uku murya ta ragu. Kafin mu kai na shida ni kaɗai nake karantawa, sai wasu biyu a baya da ke gunguni. Na juyo na ga yara suna satar kallon juna, sannan su kalli benci na biyu, inda wata yarinya ke zaune. Ita ce ta fi kowa ƙoƙari a ajin, kuma ita nake kira idan kowa ya kasa. Nan take raina ya ba ni cewa wani abu suka shirya mini.

Don in karya shirin nasu, sai na tambaya da Hausa, “Wa yas san wani mai irin wanga ciwo?” Babu wanda ya motsa. Na kira yarinyar, na nuna mata kalmar da ke nufin mutum ya ji ba shi da wani amfani a duniya, na ce ta yi mini jimla da ita. Ta miƙe ta tsaya tana kallon allon. Na maimaita, har da buga tebur. Sai ta rufe littafinta a hankali, ta sa a jaka, ta fita. Na ce a raina, to ga rainin da aka gaya mini ya fara. Na rubuta sunanta cikin masu laifi, na ci gaba da kalmomina goma har aka kaɗa ƙararrawa. Har yau idan na tuna wannan buga tebur ɗin sai in ji kunya ta rufe ni.

Washegari ba ta zo ba. Bafillatanar da ke kawo mini nono kowace safiya ta wuce ƙofata da ƙwaryarta ba ta ko waiwayo ba. A bakin rijiya na yi sallama, matan suka amsa a taƙaice, hirarsu ta tsaya cak har na cika bokitina. Aka yi mako guda a haka. Ni kuwa tuni na gama shari'a a zuciyata, na kuma sami mai laifi. Akwai surbeyan ɗinmu, mai kula da tarbiyyar ɗalibai, dattijo ɗan garin, wanda shi ne ke ɗan taɓa musu Ingilishi kafin a turo ni. Na ce shi ne. Na ƙwace masa aji, shi ya sa ya zuga yara da iyayensu. Ko murmushi ya yi mini sai in ce na mugunta ne.

Ranar Laraba ta mako na biyu haƙurina ya ƙare. Na same shi a ƙarƙashin itacen bedi yana jera takardun jarrabawa, na zazzage masa duk abin da ke cikina. Ya bar ni har na gama, sannan ya cire tabarau ya dube ni.

“Madam, kin ƙare? To ni ma tambaya gare ni. Wa yab ba ki labarin uwar yarinyag ga?”

Na ce wace uwa? Ya daɗe yana kallona, da alama shi ma auna ni yake yi ko ƙarya nake. Sannan ya gaya mini. Uwar yarinyar ita ce mai man gyaɗar da duk garin ke saye a wurinta. Jaririnta ya rasu da daminar da ta wuce, kuma tun lokacin ba ta fito ba. Mutanen gidan suna cewa zazzaɓi ne, a ɓoye kuma surukarta na nema mata magani wajen 'yan bori, don an ce doguwa ce ta taɓa ta. Kowa a garin ya sani, kowa kuma ya yi kamar bai sani ba. Haka suke rufa wa juna asiri. Idan an gamu da mijin sai a ce ya mai jiki, ya ce da sauƙi, a wuce. Sai ga baƙuwa ta zo ta rubuta matar a allo, yara sama da arba'in sun kwafe, sun kai gida, yayyensu sun fassara wa iyaye.

Na zauna a kan benci. Amma bai gama ba. Ya ce uban ya tabbata 'yarsa ce ta kwashe sirrin gida ta kai mini, tunda an san ina ji da ita. Ya rantse ta bar makaranta ke nan. Takardar haihuwarta, wadda sai da ita ake shiga jarrabawa, tana hannunsa, ya hana, kuma ranar Juma'a da safe za a tafi da takardun masu jarrabawa Dogon Dutsi. Wanda babu tasa a ciki ya rasa shekarar, kuma a garin nan yarinyar da ta zauna gida shekara guda ba ta komawa aji.

Ranar Alhamis bayan la'asar na ɗauki tsohuwar takardata, surbeyan ya raka ni har ƙofar gidan ya yi mini iso, ya koma. Uban mai amalanke ne, na same shi a tsakar gida yana gyaran igiyar shanunsa. Tsohuwarsa na zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa. Yarinyar na bakin murhu, ta sunkuyar da kai. A gefe guda akwai ɗaki da aka sake wa labule. Aka ba ni kujera, aka kawo ruwa, muka gaisa gaisuwar da babu ɗumi a cikinta.

Na ba da haƙuri, na rantse ban san komai ba, na ce 'yarsu ba ta taɓa gaya mini ko kalma ɗaya ba. Uban bai ɗago ba.

“Madam, ke da boko, mu ba mu da shi, amma ba mu zama wawaye ba. Man gyaɗa, da jinjiri, da damana, da garinmu. Duk wanga iska ta kawo miki shi?”

Na miƙa masa takardar, na ce ya duba, matar asali a ƙasar Turawa take, ni ce na sauya ta. Ya juya ta gaba da baya ya miƙo mini. Ya ce shi bai iya karanta ta ba, kuma wanda ya iya sauya labari sau ɗaya zai iya sauya shi sau biyu. Gaskiyarsa ce. Na ji yadda mutum ke ji idan yana faɗin gaskiya ana kallonsa da idon zargi, abin da na yi fiye da mako ina yi wa bawan Allah surbeyan.

Tsohuwar ce ta karɓi takardar. Ba karatu ta yi ba. Ta shafa ta, ta duba inda ta yi ja don tsufa, da inda ninkin ya fara yagewa, da tabon mai a gefe. Ta ce wa ɗanta, “Takardag ga ta girmi ciwon gidan nan.” Sannan ta miƙo mini. “Ɗiyata, karanta muna da Hausa. Yadda anka rubuta, ba yadda kinka gyara ba.”

Na fara fassarawa layi-layi. Matar shago a birni mai sanyi. Ba ta barci sai juyi. Abinci ba ya mata daɗi. Abin da take so da duk ya fita a ranta. Tana ganin ta zama kaya a kan 'yan gidansu, gara ma babu ita. Da na zo nan tsohuwar ta daina ɓarar gyaɗa. Uban ya ajiye igiya. Ya ce, a hankali, “Su ma can suna da doguwa?” Na ce ban sani ba, abin da takardar ta ce shi ne ciwo ne kamar sauran ciwo, yana kama kowa, ba laifin mai shi ba ne. Na kai inda na tsaya a allo, na dakata.

Sai muka ji murya daga bayan labule, ƙasa-ƙasa, kamar ta wanda ya daɗe bai yi magana ba.

“Madam, ita matan nan, ta warke?”

Na duba takardar. Akwai sauran sakin layi ɗaya a ƙasa, wanda ban rubuta a allo ba. Na tsallake shi ne don allon ya cika, kuma na ga babu wata sabuwar kalma a cikinsa da za ta shiga jarrabawa. Na karanta shi. Matar ta gaya wa 'yar'uwarta abin da take ji, aka kai ta wajen likita, ta sha magani, ta riƙa samun mai saurarenta. Ba a kwana ɗaya ba, sai da aka ɗauki watanni, amma ta koma shagonta.

“Sake karanta wurin nan,” in ji muryar. Na sake.

Yarinyar na kuka a bakin murhu ba sauti. Uban ya tashi ya shiga ɗakinsa ya fito da takardar haihuwar a cikin leda. Bai ba ni ba, 'yarsa ya miƙa wa. Ni kuma ya ce mini, “Gobe ki rubuta musu sauran. Tunda sun kai rabin gidajensu, su kai duka.”

Haka aka yi. Da safe takardarta ta bi sauran zuwa Dogon Dutsi, ni kuma na share allo na rubuta sakin layin nan shi kaɗai, ban ja layi ƙarƙashin ko kalma ɗaya ba. Na je na ba surbeyan haƙuri, ya yi dariya ya ce ai shi ma ya zarge ni, mun yi kunnen doki. Ba zan ce muku uwar ta warke a sanadina ba. Na dai san an sa ta a amalanke an kai ta gidan likita, tsohuwar kuma ba ta fasa nata neman maganin ba. Kafin a sauya mini wurin aiki na taɓa ganinta sau ɗaya a ƙofar gida tana shan hantsi, da sabon kitso. Yarinyar ta zauna jarrabawarta ta ci.

Abin da na koya shi ne, duk lokacin da na ga mutane sun yi mini shiru, in fara tambayar me na yi kafin in tambayi me suke ƙulla mini. Na kuma koyi cewa ciwon mutum ba wurin tsintar kalmomi ba ne. Na ɗauki damuwar wata mata na cire kalmomi goma, na yar da wurin da aka ce ana warkewa don ba zai fito a jarrabawa ba, alhali shi kaɗai ne abin da matar da ke bayan labulen take bukatar ji. Har yau ina koyar da wannan darasin kowace shekara. Matar tana nan a birninta mai sanyi, ban ƙara kawo ta garin kowa ba, kuma ko allo ya cika sai na share sama na rubuta ƙarshen.