Wuƙar da Ba Ta Zo Gaisuwa Ba

Shekara arba'in da 'yan kai, in an sallame Asuba a Harami, Tsoho Maƙeri ba ya tsayawa hira. Zai hauro unguwar Jarwal ta nan Makka kai tsaye, ya buɗe 'yar rumfarsa da ke bayan masu gawayi, ya hura wuta. Kafin mai shayi ya gama wanke kofuna an fara jin masaba a kan uwar maƙera, kuma matan unguwa sun daɗe suna ɗora tukunya da wannan ƙara, ba da agogo ba. Sunan Tsoho tun yana goye aka laƙaba masa, don ya ci sunan kakansa. Da wannan suna ya taso daga ƙasar Zazzau yana ɗan shekara tara, a bayan ubansa, ta Barno da Sudan, shekara shida a ƙafa kafin su ga Ka'aba. Yau sunan ya cim masa, kuma bai zo masa da sauƙi ba.

Bai taɓa ƙera fartanya a garin nan ba, don ba gonar da za a kai ta. Abin yanka kaɗai yake yi: barhon mahauta, askar wanzamai, wuƙar girkin mata. Ƙarfensa sifirin ne na manyan motocin da suka mace a hanyar Jidda. In ka je neman wuƙa ba ya tambayar irin wadda kake so, sai ya ce, "Miƙo hannu." Ya juya tafinka, ya matsa yatsunka, ya ce ka dawo ranar kaza. Awwalu Wanzami bahago ne, ya yi shekara goma yana tsaga kan mutane yana ba su haƙuri, sai ranar da Tsoho ya ƙera masa askar hagu ya gane ashe ba hannunsa ne mai laifi ba. Zainabu mai abincin alhazai a unguwar Misfala tana da wata 'yar wuƙa da ta sha washi har ta koma kamar tsinke, an yi an yi ta sake ta, ta ce a bar ta da abarta.

Inda ya fi tsanani kuwa, wuƙar yanka. Mahmudu Mahauci, wanda ya fi kowa yanka wa alhazanmu hadaya a Mina, ya ji wannan magana daga bakinsa fiye da sau ɗari: "Dabbar nan rai ɗaya gare ta, kuma don Allah za ta ba da shi. Kada mu sa ta jira." Saboda haka ya kafa wata al'ada da ba a san wani maƙeri da ita ba. Duk wuƙar da ta fita daga hannunsa, in aikin Hajji ya wuce, Muharram ya kama, sai an dawo da ita. Yakan ce wuƙa ta zo gaisuwa. Ya duba bakinta, ya wasa, ya ɗaure ƙota, ya mayar wa mai ita kyauta. Ya san kowace da shekarar da ya ƙera ta, in ɗaya ba ta zo ba kuwa sai ya aika a tambayi lafiyarta.

Kai ne, Baba Tsoho, na Jarwal mai koya wa ƙarfe ladabi. Dubban alhazai sun koma gida da ladan hadayarsu, ba wanda ya san sunanka a cikinsu, ba ka kuma taɓa neman su sani ba.

Sai ga shi a watan Safar na bana labari ya fasu cewa Tsoho ya sayar da maƙera. Wani ɗan kasuwa mutumin Hadaramauti ya saye ta da rumfa da uwar maƙera da zuga-zugi, ya share toka, ya jera wuƙaƙen da jirgi ke kawowa ta Jidda, masu ƙyalli kamar madubi. Tsoho bai yi shawara da kowa ba, bai yi wa kowa bayani ba. Ya koma gida ya zauna a bakin ƙofa.

Wanda bai zauna a gahawar bakin titi ba a kwanakin nan, rumfar da mahauta da wanzamai ke shan shayin La'asar, bai ji yadda baki ke yanka wuya ba. Mutumin da jiya ake rantsuwa da aikinsa, yau shi ake fiɗa.

"Kwaɗayi ne, ya jama'a, ba wani abu ba," in ji Awwalu Wanzami, yana buga kofi a kan benci. "Ɗan maƙeri ya sayar da uwar maƙerar da ubansa ya bar masa? Ya ga riyal, halas, shi ke nan ya manta da mu."

"Na sayi irin ta jirgin nan," in ji Zainabu, da ta tsaya daga bakin rumfa da tire a ka. "Wallahi tumatir ma sai ta yi shawara da shi kafin ta shiga. Ni dai Baba Tsoho ya cuce ni."

Wasu suka naɗe tsofaffin wuƙaƙensu a tsumma suka sa a ƙasan akwati, wai ba za a ƙara samun irinsu ba. Wasu suka daina bi ta ƙofar gidansa don kada su gaishe shi. Abin da ya yi shekara arba'in yana ginawa, sunansa a cikin jama'arsa, ya kama hanyar rushewa cikin mako biyu, yana zaune bai ce uffan ba. Mu da muke wannan rubutu ma mun tofa namu a lokacin, kuma muna jin kunyar abin har yau.

Mahmudu ya fi kowa ɗaga murya, amma shi kaɗai ne ke barin shayinsa ya huce a kofi, don yana ɓoye da wani abu. A Hajjin da ya wuce, ranar yanka a Mina, ya kwantar da ragon wani dattijo ɗan Damagaram, ya ɗora sabon barhon da Tsoho ya ƙera masa a watan Shawwal. Ya yi bisimilla, ya ja, sai bakin wuƙar ya ɓalle a tsakiyar wuya. Ragon ya yi ta shure-shure yana kallonsa kafin ya laluɓo wata wuƙa ya ƙarasa. Shekara ashirin da biyar yana fawa, bai taɓa kuka a kan dabba ba sai ran nan. Ya naɗe barhon ya ɓoye. Da Muharram ya kama ya kai sauran wuƙaƙensa gaisuwa, ya bar wannan a gida, don ya rufa wa tsohon asiri. Tsoho kuwa bai aika a tambayi lafiyarta ba, Mahmudu ya ɗauka mantuwa ce ya gode wa Allah.

Da abin ya ishe shi, wata Laraba bayan La'asar ya tafi gidan da fushinsa. Ya tarar da Tsoho a kan tabarma, hannayensa biyu a kan gwiwa ba abin da suke yi.

"Salamu alaikum, Baba."

"Wa alaikumus salam. Mahmudu ne? Matso kusa, muryarka na gane."

Mahmudu bai zauna ba. "Baba, me muka yi maka? Ko shawara babu? Ka san abin da ake faɗa a gahawa kuwa?"

"Na sani. Iska tana kawowa." Sannan Tsoho ya ce, "Ina barhon Shawwal?"

Sai a lokacin Mahmudu ya zauna a ƙasa.

"Shida ka kawo mini, ta bakwai ba ta zo ba," in ji Tsoho. "Kai da ba ka taɓa fashin gaisuwa ba. Da ɓata ta yi, da ka zo kana zagin ɓarawo tun daga bakin titi. Da ka yi shiru sai na san ni ne mai laifi. Ta ɓalle, ko?"

"Ta ɓalle, Baba."

"A wuyan dabba?"

Mahmudu ya gyaɗa kai. Tsoho ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana istigfari, hawaye na bin gemunsa. Sannan ya faɗa masa abin da bai faɗa wa kowa ba. Ƙarfe da launi ake sanin lokacin tsoma shi a ruwa, in an yi gaggawa ko an makara sai ya yi gautsi ko ya ƙi kaifi. Shi kuwa yanar ido ta sauko masa tun bara, ja da ruwan goro duk sun zame masa ɗaya a cikin wuta. Ya yi ta yaudarar kansa cewa hannu ya saba, hannu zai gane. Ranar da barhon bai zo ba ya san hannu bai gane ba.

"In maƙerar tana nan, Mahmudu, gobe wani zai miƙo mini hannu, ni kuma ba zan iya ce masa a'a ba. Shi ya sa na rabu da ita. Sayarwa ta yi mini sauƙi, faɗin dalili ne ya gagari bakina. Shekara saba'in, kunya ta kama ni kamar yaro."

"Ma'alesh, ba komai, Baba. A bar shi tsakaninmu. Zan ce musu ciwon baya ne, su daina zaginka."

"La, la, a'a. Ƙaryarka ta farko ma ba ta yi mana amfani ba. Wuƙar yanka goma sha ɗaya na ƙera bara da wannan ido. Waɗanda suka zo gaisuwa lafiya suka nuna mini, amma taka ma lafiya ta nuna ranar da na ba ka. Ɗauko barhon ka kai gahawa, ka nuna wa kowa giɓin. Gara a ce Tsoho ya makance da a sake kwantar da dabba a ƙarƙashin aikina."

Washegari Mahmudu ya shiga gahawa, ya warware tsumma a gaban jama'a, ya ajiye barhon a kan benci tsakanin kofuna. Ya ba da labarin ragon Mina tun daga farko, bai rage komai ba, har da ɓoyon da ya yi. Awwalu Wanzami ya ɗauki wuƙar, ya bi giɓin da babban yatsa, ya ajiye. Ya tashi bai ƙarasa shayinsa ba, aka bi shi da ido har ya sha kwanar gidan Tsoho. Waɗanda suka gani sun ce durƙusawa ya yi a bakin tabarma, sai tsohon ne ke ba shi haƙuri.

Cikin kwana uku wuƙaƙen bara suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Tsoho ya sa Mahmudu ya riƙa sara kowace a kan ƙashin raƙumi a gabansa, shi kuma yana saurare. Shida suka tsaya da bakinsu, ya ce a mayar wa masu su. Uku suka ɓalle, ya sa aka karya su gida biyu aka binne. Da ta Mahmudu goma ke nan. Ta goma sha ɗaya ba ta Makka. Wani alhaji ne ya saya gab da tafiya, dogo mai tsagar Gobirawa, ya ce zai kai gida ya riƙa layya da ita don albarka. Ba wanda ya riƙe sunansa ko na garinsu.

Kai ne, Baba Tsoho, wanda ya zaɓi a san aibinsa da a rufa masa asiri a kan wuyan dabbar da ba ta da bakin ƙara. Mun zage ka, ka yi shiru. Da ka buɗe baki kuma ba don ka wanke kanka ba ne. Mun gode da shekara arba'in na aikinka, mun fi godewa da ranar da ka ajiye shi. Allah ya ba ka lafiyar ido, ya yafe mana abin da muka faɗa. Masu sana'a kuma, malami ne ko ungozoma ko direba, duk wanda ran wani ke bi ta hannunsa, ya dubi tsohon nan ya koyi sanin lokacin da ake ajiye masaba, ya kuma koyi faɗin gaskiya ko da a kansa za ta faɗo.

Yana nan da ransa a Jarwal, a kan tabarmarsa. Jama'a sun dawo da gaisuwa, Zainabu na aiko masa da abinci kullum, amma hankalinsa bai kwanta ba. Duk baƙon da ya ji Hausa a bakinsa sai ya tambaye shi daga ina, kuma yaushe zai koma. Don haka muke roƙon alhazan da wannan takarda za ta bi su gida, su karanta ta a masallatai da kasuwannin ƙasar Gobir. Barho ne mai baƙar ƙota ta ƙaho, da ɗigo uku a gindin ƙarfen. Wanda yake hannunsa ya yanka albasa da shi, ya fere rake, ya rataye a ɗaki in yana so, amma don girman Allah kada ya ɗora shi a wuyan abu mai rai. In kuma da hali, ya aiko da saƙo ta bakin mai zuwa Hajji cewa ya ji. Tsohon ya ce wannan kaɗai yake jira.