Kafintan da Ke Zuwa Asibiti Rabi-Rabi

Kafinta ne ɗan kafinta, kuma auta a gidansu. Ya gaji zarto da teburin aiki da rashin son magana. Yana saurayi muryoyi suka fara zuwar masa, suna ce masa aikinsa a karkace yake, ko da ya gwada ya ga daidai. Wani abokin aikinsa ya ba shi maganin tari. Ya sha, muryoyin suka lafa. Bai taɓa yin tari ba, amma ya yi shekaru yana maganinsa.

Yayarsa, wadda ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta kai shi asibiti. A ɓangaren masu taɓin hankali aka saurare su da kyau, aka ce ya daina shaye-shaye tukuna, sannan a gane ainihin ciwonsa. A ɓangaren masu shaye-shaye, can ƙarshen baranda, aka ce mai jin muryoyi ba nasu ba ne. Duka biyun sun sallame su cikin mutunci.

Yaya tela ce, ta san yadda ake raba yadi. Da sabbin ma'aikata suka zo, ta sake kai shi, ta yi masa huɗuba a bakin ƙofa.

"Auta, a ɗakin farko ba ka taɓa ganin kwalbar maganin tari ba. A na biyu, ba ka jin muryar kowa sai tawa."

"Ai ƙarya ke nan, Yaya."

"Wace ƙarya? Rage zance ne."

Haka ya zama majinyaci abin yabo a wuri biyu. Nan a ba shi ƙwaya, can a ba shi shawara. Ƙwayar da maganin tarin kuwa a ciki ɗaya suke haɗuwa, ba su san da tsarin asibiti ba. Ya riƙa gyangyaɗi a kan katako, har zarto ya taɓa masa yatsa. Aka rage masa ƙwaya saboda yawan barci, muryoyin suka dawo da ƙarfinsu, ya koma wa kwalba.

Wata rana suka tarar an haɗe ɓangarorin biyu a ɗaki ɗaya. Likita na tsakiya, nas ɗin masu taɓin hankali a damarsa, ta masu shaye-shaye a hagunsa. Yaya ta ja rigar ƙanenta su juya, don in asiri ya tonu, duka biyun za su kore shi, magani ya yanke. Sai dai an riga an gan su.

"Sannu, Kafinta," in ji nas ɗin biyu a tare, sannan suka dubi juna.

Likita ya ce, "Malam, me ke damunka?"

Yaya ta taka masa ƙafa. Kafinta ya daɗe yana kallon ƙafar teburin likita ɗaya da ta gaza sauran.

"Wanne zan faɗa, likita?"

"Duka."

Ya faɗa, daga muryar farko har kwalbar da ya sha jiya. Bai taɓa yin magana mai tsawon haka ba. Yaya ta tattara mayafinta tana jiran kora.

Nas ɗin dama ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, "Tun zuwansa na farko nake jin warin maganin a bakinsa."

Ta hagun ta ce, "Ni kuma ina ganinsa yana ba bango amsa."

Yaya ta dube su ɗaya bayan ɗaya. "To me ya hana ku faɗa? Yaron nan ya kusa rasa hannu."

Nas ɗin dama ta ce, "Mama, da mun faɗa, da dole mu sallame shi."

Likita ya sauya masa magani, ya ce ya dawo ɗakin nan, ko ya sha ko bai sha ba.

Bai warke ba. Yana shagonsa har yau, furfura ta fara fito masa. Wani makon muryoyin su ƙyale shi, wani makon ya sha. Ranar asibiti yakan rufe shago da wuri, ya je ya faɗi yadda makon ya kasance.