Munduwar Inna a Tukunyar Kawu

Ranar wata Laraba ce, shekarar da na shiga aji shida, wata huɗu da rasuwar Inna. Malaminmu, Mushe Ilyasu, ya ajiye alli, ya ce taurarin farko ba su da ƙarfe ko azurfa, iska ce zalla. A cikinsu aka dafa ƙarfe, da suka mutu suka fashe, sababbi suka tashi daga tokarsu, kowane zubi ya fi na baya nauyi. Yara suka yi ta dariya, ni kuwa ina shafa munduwar Inna da na ɗaure da zare a kugu, don ta yi wa hannuna yawa.

Ana tashi lakkol, wato makaranta, na nufi unguwar Dagmanet, maƙerar Kawu Alhusaini, yayan Inna. Tun ina ƙarama nake zama gefen zugazuginsa ina cin dabino, ina kallon azurfa na narkewa. Da rawar kaina na miƙa masa munduwar, na ce ya narke ta ya ƙera mini daidai hannuna, tunda ko taurari haka suke yi. Ban shawarci Baba ba. Abin da ban lura da shi ba duk zamana a wurin shi ne, maƙeri ba ya hura gawayi don abu ɗaya. Tsofaffin zobba, karyayyun 'yan kunne, duk tukunya guda yake zuba su.

Ranar Asabar ya ba ni sabuwa, siririya, tana ƙyalli. Na tambaye shi ina sauran azurfar.

"Ɗiyata, azurfa ba ta da dangi," in ji shi. "Zobe tara aka fitar, duk sun tafi kasuwa."

Tsagar da Inna ta yi wa tsohuwar munduwar da bakin turmi ta tafi, lanƙwasar da ta bi hannunta ma haka. Na yi kuka har muryata ta dushe. Da Baba ya ji, bai dake ni ba.

Yau ni ke koyar da darasin nan a Agadas. Ina gaya wa ɗalibai cewa masana na duba hasken gungun taurari su gane zubi nawa suka mutu a cikinsa, amma ba mai iya cewa wannan ƙarfen na wane tauraro ne. Munduwar ta daɗe da yi mini kaɗan. Har yanzu in na shiga kasuwa, yatsun mata nake kallo.