Sunan da Anka Liƙa ma Mode

Duk wanda yat taso Rimawa bayan gina dam ya san muryar Zayyanu, ko da bai san fuskatai ba. Ni Mu'azu, gonar albasata ƙasan dam tana maƙwabtaka da ta ubanai, tare munka girma, don haka kar wani shi ce min ban san shi ba. Noma bai karɓe shi ba. In ka ba shi fartanya sai shi tsaya shina ba ta labari. Allah dai baki yab ba shi, kuma da shi yaka ci.

Ya kafa rumfar kallo bayan kasuwa, da janareto da talabijin guda da lasifika. Bayan la'asar shina sa fim na Turawa, shi riƙe abin magana shina fassara muna. Turanci? Kai, ina! Rabinai bai sani ba. Kallon fuskokinsu shikai shi ƙaga musu magana, kuma kowane sai ya raɗa mishi suna da asali. Wanga Bagobiri na, wancan mai rowa ɗan Wurno na, mu yi ta dariya har ciki shi ƙulle.

Akwai wani fim na jirgin da ka tafiya tsakanin taurari, wanda munka kalla har kasat ɗin yat tsinke anka ɗaure. Matuƙin jirgin dogo na, siriri, mai dogon hanci. Zayyanu yac ce wanga Bafillace na, don ba mai gane hanya cikin taurari in ba makiyayi ba. Cikin jirgin kuma akwai wani ƙato mai tumbi da yac ci amanar 'yan uwanai, shi anka ba suna Mai Saida Jirgi.

Saboda matuƙin nan Mode yaf fara zuwa. Makiyayi na daga wajen Giyawa, mai ƙarancin magana. Duk ranar kasuwa sai ya zo ya zauna benci na baya, ya aje ma Zayyanu gorar nono, wai don maƙogwaro. In matuƙin ya fidda jirgi daga hatsari sai ka ji shi a hankali: "To, kun gani." Shekara goma sha shidda suna haka. Ran da matar Zayyanu tas sha wuyar haihuwa, Mode yak kawo man shanu da ƙafa tun daga ruga.

Sai zamani yab ɓaci. Albasa da shinkafa sunka cinye burtali, nawa ma ciki, ba ni ɓoyo. 'Yan bindiga sunka fara sace mutane da shanu, har na Mode sun kora mishi sha ɗaya. Amma cikin gari ba mai tuna wannan. In anka ga mai sanda da rawani sai a bi shi da ido.

Cikin haka anka ji Turawa sun sake yin fim ɗin sabo, da sabbin mutane. Samari masu waya sunka zo da labari wai can ƙasashensu ana ta faɗa, don matuƙin yanzu baƙi na, kakkaura. Wasu sun ce an ɓata musu fim, wasu sun ce da ma can ya kamata. To mi yash shafe mu? Wallahi ba komi. Amma mako guda ba a yi wata hira bakin kanal ɗin ban ruwa ba sai wannan. Masu ban ruwa sunka ce matuƙi ya dawo gida, Bahaushe na yanzu. Mode yaj ji su ranar kasuwa, yay yi murmushi yac ce, "Fuska sunka sauya mishi. Wanda yas san hanya ya san hanya."

Ran da anka sa sabon, rumfa ta cika har waje. Matuƙi yaf fito, anka yi sowa. Sannan maci amana yaf fito. Ba mai tumbi ba na wannan karon. Dogo na, siriri, fari, da dogon hanci.

Wani daga gaba yac ce, "Zayyanu, wanga ɗan ina na?"

Zayyanu yay yi kamar bai ji ba. Wani yak ƙara, "Faɗi mana! Ko tsoro kaka ji?" Sunka ɗauka gaba ɗaya suna buga benci. Ina kallonai. Ya san Mode na baya, gorar tana nan gefen ƙafatai. Amma Zayyanu mutum na da bai iya jin jama'a na jiran dariya shi hana su. Wannan ita ta cutarshi tun muna yara, kuma ta fi shi ƙarfi.

Yaɗ ɗaga abin magana yac ce, "Ku dibi hancin nan. Mai Saida Jirgi ya koma ruga!"

Rumfa tar rushe da dariya. Ni ma niy yi, Allah shi gafarta min, har da buga cinya. Wani yaj juya yan nuna benci na baya yac ce, "Ga shi can ma!" Mode ya tashi, ya gyara sandatai bisa kafaɗa, ya fita.

Sunan nan bai kwana ba sai da yak kai kasuwa. Mahauta, masu babur, kowa: Mai Saida Jirgi. Zayyanu ya ce min za shi Giyawa shi ba shi haƙuri, gobe, jibi, in an gama cirar albasa. Bai tafi ba. Kunya yaka ji, in ji shi.

Kasuwa ta ukku, wasu samari sunka tare Mode kan hanyar kanal da rana tsaka. An sace wani manomi satin nan, zukata sun ɗau zafi. Sunka kira shi da sunan, sunka ce shi ka kai ma 'yan daji labarin gari. Hujjarsu kenan, ba wata, sunka rufe shi da duka. Kwana biyu yay yi asibiti yac cika.

Bayan sadakar bakwai, wata tsohuwa taz zo rumfa da hantsi. Inno ta, uwar Mode. Ina nan zaune. Tag gaishe mu, tac ce gorar ɗanta taz zo ɗauka. Zayyanu yam miƙa mata. Tar riƙe ta, ba ta tafi ba.

"Ɗana, kai na mai fassara ko? An ce kowace magana kana sanin ma'anarta. Mai gorar nan shi na ɗana na fari. Shekara arba'in da ukku, ko sau guda ban kira sunanai da bakina ba, don kunya. An ce min waɗanda sunka buge shi da wani suna suka kiranai. Ba mu munka raɗa mishi ba. Wa yab ba shi?"

Zayyanu, da yay yi shekara ashirin shina sa ma Turawa magana a baki, yab buɗe nashi bakin bai samu ko kalma guda ba. Ta jira shi. Ta juyo ta dube ni, ni ma nid dubi ƙasa. Sai tas sa gorar cikin ƙwarya tat tafi.

Rumfar na nan har yau. Shina sa fim bayan la'asar, Turawa na ta maganarsu ba mai ganewa, shi kuwa shina zaune gefe, abin maganar rataye ga ƙusa.