Malam Vandi da Duwatsun da Magina Suka Binne

Shekara talatin da ɗaya, kullum kafin a kaɗa ƙararrawa, Malam Vandi yakan turo tsohon kekensa cikin sakandaren da yake koyar da labarin ƙasa a Mubi, aljihu cike da duwatsu. Maiɗakinsa ta yi ɗinkin aljihun nan har ta sallama.

Man shanu yake narkarwa a aji, ya raba biyu. Kwano ɗaya ya tsoma a ruwan randa, nan take ya daskare sumul. Ɗayan ya rufe ya ajiye, washegari a tarar ya yi tsaki-tsaki. "Haka narkakken dutse yake," in ji shi. "Wanda ya huce a hankali can cikin ƙasa, ƙwayoyinsa manya ne. Wanda ya fito sarari ya huce da gaggawa, ƙwayoyin ba su samu lokacin girma ba." Sannan ya ba kowa dutse ya shafa.

Saura wata guda ya yi ritaya, magina suka zo gyaran aji. Da suka ga tarin duwatsu a lungu, sai suka ce an rage musu aiki, suka juye a harsashin gini, suka bi da siminti. Wayyo! Abin da ya tara daga Michika har Uba ke nan, don ya bar wa Malama Halimatussa'adiya mai gadon ajinsa.

Dennis mai Keke Napep, tsohon ɗalibinsa, shi ya baza labarin. Ranar bikin sallama sai ga kekuna jere, da dillalan kasuwar shanu, da ma'aikatan jinya, da teloli, kowa da dutsensa.

Dennis ya miƙa nasa. "Baba, a yashin mayo, can bakin kogi, na tsinto. Dubi ƙwaya, wannan a hankali ya huce."

Malam ya juya shi, ya yi dariya har da hawaye. "Kai da ka ci sifili a jarrabawata?"

"Biro ne ya ƙi, Baba. Kaina kuwa ya riƙe."

Malam Vandi, kai ne ka sa mai keke ya tsaya bakin hanya yana karanta dutse. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri. Ku masu riƙe da alli, ku yi koyi da shi. Ga Malama nan da duwatsun da sai da aka ware musu ɗaki guda, makulli kuwa ta hana magina ko gani.