Wutar da Ta Ratsa Ita Kaɗai

Shekarar da kuɗin man fetur suka haukata mutane, Babanmu ya kwashe hatsin rumbu ya sayar a kasuwar Wudil, ya hau mota zuwa Ikko. Ya ce sai ya dawo da babur. Da damina ta yi tsakiya muka koma cin tafasa, ƙanwata Ladi ta kumbura, ta mutu. Bai zo ba, bai aiko ba.

Mu Kiristoci ne, gida ƙalilan a gefen Indabo. Kakata Iya, wadda ta haifi Baba, ba ta iya karatu ba, amma abin da ta ji a majami'a ba ya ɓace mata. Da an sauke tukunya sai ta tura kara a murhu, mu kewaye ta. Ni take tsokana. "Matso nan, mijina marowaci, ko goro ba ka taɓa saya mini ba."

Labarin da ta fi maimaitawa bayan rasuwar Ladi shi ne na Ibrahim. Ta ce a zamanin da, in mutum biyu za su ƙulla alkawari, dabba suke yankawa su tsaga biyu, su ratsa ta tsakiya tare cikin jini. Wanda ya saɓa, ya yarda a yi masa yadda aka yi wa dabbar. Allah ya sa Ibrahim ya tsaga karsana da akuya da rago. Tsohon ya wuni yana korar ungulu. Da rana ta faɗi barci mai nauyi ya danne shi, da tsoro. Sai ga wuta da hayaƙi sun ratsa tsakanin naman.

"To Ibrahim fa, Iya?"

"Yana kwance, ɗan nan. Allah ya san ba zai iya riƙewa ba, sai ya ratsa wa kansa, ya ratsa masa."

Innarmu tana wanke kwanuka, ta ce, "Iya, na san inda kika dosa. Ɗanki dai ba zai sake taka gidan nan ba."

Ni kuwa bayan Inna nake. Na tsani Baba, kuma na ji haushin labarin, don a ganina an cuci mai gaskiya ne.

Iya ta mutu ba ta sake ganin Baba ba. Sai da na yi aure, ina da 'ya'ya, wani direba ya sauke mana shi a tashar Wudil, ɓarin jikinsa ya shanye, bakin ya karkace. Inna ta ƙi fitowa. Na kai shi ɗakina ne kawai don kunyar idon mutane, na kuma ƙudurta sai ya nemi gafara, sai ya ambaci sunan Ladi, kafin in kira shi Baba.

Na jira. Ina ba shi kunu yana dalala, ina wanke masa kashi, ina kallon bakin nan. Ko kalma ɗaya ba ta fito ba, ban ma san ko ya gane ni ba.

A lokacin na fahimci Iya ba Inna take wa wa'azi ba. Tana gaya mana ne cewa akwai alkawarin da mutum ɗaya ke ɗauka, kuma ba daɗi gare shi. Har yau ban ce ya cancanta ba. Amma ran da numfashinsa ya fara sarƙewa, na sunkuya na ce, "Baba, ni ne Danjuma. Na yafe." Ban sani ba ko ya ji.