Yini Ɗaya a Badagiri, a Bayan Kalanda

Ni dai ban taɓa ganin teku ba. Ruwa mafi girma da idona ya sani shi ne gulbin Rima in damina ta yi nisa. Amma in ka zaunar da ni yanzu, zan faɗa maka motar da za ka shiga daga Agege zuwa Badagiri, da inda za ka sauka, da masallacin da za ka yi Azahar. Duk na taɓa rubuta su da hannuna a bayan wata tsohuwar kalanda.

Sana'ar gidanmu shanu ce. Mahaifinmu yana kiwata bijimai a wani garke a Dundaye, in sun yi ƙiba a loda su a tirela a kai Ikko. Mu biyu ne 'ya'yansa maza. Ni ne babba, ina riƙe da teburin nama a Gawon Nama. Ƙanena kuwa, wanda na ba shekara huɗu, shi ke kwana da tashi a garke.

Tun muna yara Baba ke ba mu labarin Badagiri. Ya je sau ɗaya yana saurayi, amma kai ka ce can aka yanke masa cibiya. Tsohon gari ne a bakin ruwa, in ji shi, da gidaje na zamanin cinikin bayi, da sarƙoƙin da har yau ake nuna wa baƙi, da ɗakunan bautar mutanen garin masu farin ƙyalle a ƙofa. Sai ka shiga kwalekwale ka haye, ka taka rairayi, kawai ka ga ruwa ya haɗe da sama. Ƙanena barci yake yi kafin a kai ga kwalekwalen. Ni ne nake cewa, "Baba, daga nan fa?"

To, a shekarar da gwiwoyin Baba suka ƙi, sai ya ce ba zai iya bin lodi ba, ɗayanmu zai raka shanu. Wallahi ko tambaya ban yi ba. Wa ke nan in ba ni ba? Na san kuma in an sauke shanu an sayar, direba kan yi yini guda yana jiran kayan da zai komo da su. Wannan yinin na sa wa ido.

Mako uku na yi ina shiri. Na bi direbobi a Kara, kasuwar shanu, ina saya musu shayi ina tatsar su. Na samo lambar wani Basakkwace mai tsire a Badagiri, na dame shi da kira har ya fara ce mini caji ya ƙare. Na tsara tafiya ta talaka tsaf: a fita da an sallame Asuba, a shiga bas ba tasi ba, a ƙulle kilishi da dakuwa daga gida don kada mai abinci ta ga baƙo ta yanka shi. A bakin ruwa kuma kada a yi gaggawa, a jira mutane su taru a raba kuɗin kwalekwale. A juyo da La'asar sakaliya saboda cinkoso. Na rubuta, na soke, na sake rubutawa. Matata ta ce ko mai zuwa Hajji bai yi wannan ɗoki ba.

Saura kwana huɗu a yi lodi, Baba ya sa aka kai shi garke a Keke, ya ce mu zo mu biyu. Ya nuna wani jan bijimi mai faɗin ƙaho da ke kwance, ya ce mini, "Tashe shi."

Na yi tsaki, na tafa, na daka masa tsawa. Ya dube ni ya ci gaba da tuƙa. Na matsa zan kama wutsiya, sai ya yi wani huci da ya sa na ja baya ba shiri. Ƙanena ya zo ya dafa masa tozo, ya yi masa wata 'yar magana ƙasa-ƙasa. Ɗan banzan sa ya miƙe kamar an kira shi cin dusa.

Baba ya ce, "Ka gani? Kai warin jini kaka yi. Shanu sun san mai yanka su. Ƙanenka zai raka su."

Ba zalunci ya yi ba, na sani. Ɗan rakiya a saman tirela yake zama kwana biyu, kuma duk bijimin da ya faɗi a hanya dole ya sauka cikin ƙahoni ya tashe shi kafin 'yan'uwansa su tattake shi. Wanda shanu ba su yarda da shi ba, ko ya yi asarar bijimi ko ya yi asarar haƙarƙari. Na san wannan tun ban iya riƙe wuƙa ba. Amma sani daban, zuciya daban. Na ji hassada ta taso mini har maƙoshi, ɗaci kamar na tauna maɗaci.

Kwana huɗun nan ban iya kallon ƙanena ba. Ya sayi sababbin takalma, na ce a raina, ji shi, za shi Ikko da ƙafa kamar faranti. Mutumin da bai taɓa jin ƙarshen labarin ba, shi ne zai taka rairayin? Ni na yi noma, biri ya zo girbi.

Ranar lodi da hantsi ya zo tebur ina sara ƙashi. Ya tsugunna ya gaishe ni, ya ce, "Yaya, ka ba ni wagga takarda taka mana. In Allah ya yarda in tahi in gano muna."

Muna! Kalmar nan ce ta ƙarasa ni. Takardar tana aljihuna a lokacin, ina jin gefenta a ƙirjina.

Na ajiye gatari na sassauta murya. Na ce masa na yaga ta. Na ce mai tsiren nan ya kira ni ya ce watan bukin tsafinsu ne, ba a son baƙo, balle Bahaushe mai tsagar fuska irin tasa. Na ce masu kwalekwalen ma na ɗakunan bautar ne, in sun kai mutum tsakiyar ruwa sai yadda Allah ya yi. Ko ƙyaftawa ban yi ba. Na ƙara da, "In ka girmama ni, kada ka ɗaga ƙafa daga gindin mota."

Ya ce, "Subhanallahi. To, Yaya. Na gode."

Ya dawo bayan kwana shida, ya yi baƙi ya rame, ba sa ko ɗaya da ya mutu. Muka taru a zauren Baba bayan La'asar. Ya miƙa tsaraba, burodi da ayaba da goro. Sai Baba ya miƙa hannu ya ce, "Ina gorata?"

Ban san da wata gora ba. Ashe ranar tafiya Baba ya ba shi wata 'yar gorar roba a ɓoye, ya ce ya ɗebo masa ruwan teku ya riƙa shafawa a gwiwa. Wai tun yana saurayi ya ji ana cewa yana magani, kuma ko bai yi ba, yana so ya ƙara jin ƙanshinsa.

Ƙanena ya ciro ta daga buhu wayam. Ya ce, "Baba, ban tahi ba. Yaya ya samu labarin garin ba lahiya. Yini na yi ƙarƙashin mota."

Baba ya juyo ya dube ni. Ya san garin, ya kuma san ni. Na jira ya tona ni, wallahi da ya fi mini sauƙi. Sai kawai ya karɓi gorar ya jujjuya ta, ya ce, "To. Wa ai uba ne." Ya tura ta ƙarƙashin gadonsa.

Lodin nan shi ne na ƙarshe. Gwiwa ta kwantar da Baba, aka sayar da abin da ya rage a garke, damina biyu bayan haka muka kai shi makwancinsa. Da muke kwashe kayan ɗakin na ci karo da gorar, murfinta a ɗaure. Ni na ɗauke ta.

Ƙanena yanzu Keke yake ja a Gidan Igwai, bai ƙara wuce Kwantagora ba. Duk sallah in ya kawo 'ya'yansa gaisuwa, sai ya nuna ni ya ce musu, "Kun ga wanga? Ba don shi ba, da tuni matsafa sun cinye ubanku a tsakiyar ruwa." Yaran su zo su tsugunna su ce mini sun gode.